Amsa ga Alhajin da ke zargin na'urar lissafin ɗiyarsa jabu ce

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na karanta saƙonka, kuma abin da na fahimta shi ne ka sayo wa ɗiyarka na'urar lissafi ƙirar Casio fx-82MS a babbar kasuwar Maradi, saboda tana ajin turwaziyem tana shirin jarrabawar BEPC, amma tun da ta fara aiki da ita amsoshinta suke saɓa wa na malaminta. Ka kawo misalai uku: ta nemi matsakaicin makinta sai ta samu 75,11 alhali bisa 20 ake ba da maki, ta danna sin 30, wato lissafin kusurwa, sai ta ga lamba mai farawa da −0,988 inda malam ya rubuta 0,5, sannan ta tara 3/4 da 5/6 sai na'urar ta jero mata lambobi uku da ta kasa karantawa. Kana tambaya ko jabu aka sayar maka, ko kuwa akwai wata ƙirar da ta fi dacewa da aljabara, kuma ka ce kana tsoron kada dogaro da na'ura ya kashe wa yarinyar ƙwaƙwalwa. Na daɗe ina koyar da lissafi a kwaleji da lise a garin nan, kuma babu ɗaya daga cikin misalan nan uku da ban sha gani a takardun ɗalibaina ba. Zan rubuta lambobi yadda ake rubuta su a kayenta, wato waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta.

Gaskiya ne ana samun jabu a kasuwa, amma waɗannan amsoshin ba su nuna taku jabu ce ba, domin kowace daga cikinsu amsa ce ta daidai ga abin da aka danna, sai dai abin da aka danna ya bambanta da abin da yarinyar ke nufi a zuciyarta. Ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗauko na'urar da kake lissafi da ita a shago, mai manyan maɓallan nan, ka ajiye ta kusa da tata. A ce wani ya sayi tiya 3 ta hatsi a kan sefa 700 kowace, da tiya 2 ta wake a kan sefa 1 000 kowace. Ku danna 3 × 700 + 2 × 1000 = a kan na'urorin biyu. Tata za ta ba da 4 100, wanda shi ne kuɗin kayan, taka kuwa za ta ba da 2 102 000. Dalili shi ne na'urar shago tana aiwatar da kowane umarni da zarar an danna na gaba, sai ta samu 2 100, ta ƙara masa 2, ta ninka 2 102 sau dubu. Ta makaranta tana jira sai an gama rubuta layin duka, sannan ta bi ƙa'idar da aka koya wa yara: ta fara da abin da ke cikin baka, wanda su suke kira farantez, sai lamba mai ƙaramar lamba a kafaɗa da rasin (alamar √, mai nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda aka danna), sai ninkawa da rabawa daga hagu zuwa dama, tarawa da ɗebewa su zo a ƙarshe. Wannan ƙa'idar ba ta tankwaruwa, kuma ita ce tushen kusan rabin kurakuran da nake gyarawa.

Ita ce ma ta haifar da 75,11. Bisa makin da ka turo, ta samu 12 a darasi mai nauyi 3, da 9 a mai nauyi 4, da 14 a mai nauyi 2. A kan takarda ta rubuta daidai: ta jera 12 × 3 + 9 × 4 + 14 × 2 a sama, ta ja dogon layi, ta sa 9 a ƙasa. Da ta zo kan na'ura sai ta danna su a jere ta ƙarasa da ÷ 9, ita kuwa na'ura, bisa ƙa'idarta, 28 na ƙarshe kaɗai ta raba da 9 ta samu 3,11, sannan ta ƙara shi a kan 72. Abin da nake so yarinyar ta riƙe shi ne dogon layin firaksiyon yana ɗaure duk abin da ke samansa wuri guda, ya ɗaure duk abin da ke ƙasansa wuri guda, ko da ba a rubuta baka ba, amma alamar ÷ ba ta ɗaure komai sai lambar da ke gefenta. Saboda haka duk lokacin da za a sauko da firaksiyon daga takarda zuwa layi ɗaya na na'ura, dole a sa wa sama baka, a sa wa ƙasa baka. In ta danna (12 × 3 + 9 × 4 + 14 × 2) ÷ (3 + 4 + 2) za ta samu 11,11, kuma shi ne makinta. In ta ɗaure sama ta manta ƙasa, 39,33 zai fito. Haka abin yake da rasin: magina sun san kusurwar ɗaki ta miƙe in gefe ɗaya 3 ne, ɗayan 4, tsallaken kuma 5, domin 5 shi ne rasin na 3 × 3 da 4 × 4 in an tara su, amma wanda ya danna √9 + 16 a irin na'urarta zai samu 19, sai ya danna √(9 + 16) sannan 5 zai fito. Akwai ma rubutun da na'urori suka saɓa a kansa, kamar 6 ÷ 2(1 + 2), inda wasu ke ba da 1 wasu 9, shi ya sa nake hana ɗalibaina barin alamar ninkawa a ɓoye. Baka ba ya cin kuɗi, gara ya yi yawa da ya gaza.

Abin da ya fi damuna a wannan misali shi ne ta kwafi 75,11 ta rubuta. Makin da ya fi kowane girma cikin ukun 14 ne, mafi ƙanƙanta 9, don haka matsakaicinsu dole ya faɗa tsakanin 9 da 14, kuma ana iya sanin wannan kafin a taɓa maɓalli ko ɗaya. Kai da kake kasuwa ba za ka karɓi miliyan biyu a matsayin kuɗin tiya biyar ba, ko wace na'ura ce ta faɗa, saboda ka riga ka yi kiyasi a ranka. Wannan kiyasin ne ɗalibi yake sakewa da zarar na'ura ta shiga hannunsa, kuma shi ne abu na farko da za a dawo mata da shi.

Batun sin 30 ya fi sauƙin gyara, ko da yake ya fi cin maki. Ana auna kusurwa da ma'auni iri uku. Akwai digiri, inda da'ira take 360, shi ne ake aiki da shi a kwaleji. Akwai radiyan, inda digiri 180 yake daidai da π, wato radiyan ɗaya ya kai kusan digiri 57,3, shi kuma sai a lise za ta haɗu da shi. Akwai girad, inda da'ira take 400. Na'urar tana aiki da duka ukun, kuma tana nuna wanda take kai da ɗan ƙaramin harafi a saman gilashinta: D, ko R, ko G. Ta ɗiyarka tana kan R, don haka ta ɗauki 30 ɗin a matsayin radiyan talatin, kuma sin na radiyan talatin −0,988 ne ba ƙari ba ragi. Da a kan G take da ta ba da 0,454, wanda a ganina ya fi haɗari, domin ya yi kusa da 0,5 har ba ya tayar da hankali. Gyaran shi ne ta danna MODE sau biyu, za ta ga Deg, Rad, Gra da lambobi a ƙarƙashinsu, ta danna 1. Na tuna wani yaro mai ƙoƙari da na koyar, na ba su aikin tsani mai tsawon mita 5 da aka jingina da bango, kusurwarsa da ƙasa digiri 30, na ce su nemi tsayin da kansa ya kai. Ya zana hoton da kyau, ya zaɓi sin kamar yadda ya dace, ya rubuta 5 × sin 30, sannan ya rubuta −4,94 m ya ja masa layi biyu da jan bik. Na kira shi gaban allo na ce ya nuna mini da yatsa inda tsayin da ke ƙasa da sifili yake a jikin bangon. Ya yi shiru yana kallon zanensa, can sai ya ɗaga na'urar kusa da idonsa ya ga harafin R, ya ce yayansa da ke tarminal ne ya ara daren jiya. Amsar mita 2,5 ce. Tun daga ranar nake sa kowane aji ya danna sin 30 kafin mu fara aiki, in 0,5 bai fito ba a gyara tukuna.

Lambobi ukun da ta kasa karantawa su ne 1, 7 da 12, da ƴar alama kamar ƙugiya a tsakaninsu. Idan aka tara 3/4 da 5/6 ana samun 19/12, ita kuwa wannan ƙirar tana nuna shi a matsayin ɗaya cikakke da 7/12, salon da littattafan makarantunmu ba su cika amfani da shi ba. Ta danna SHIFT sannan maɓallin a b/c, sai 19 da 12 su bayyana. In lamba mai waƙafi take so, a b/c kaɗai za ta danna ta samu 1,58333 da sauransu. A wasu ƙira irin su fx-991ES maɓallin S⇔D ne ke wannan aiki. Amma ina roƙon ta riƙa barin amsa a firaksiyon har zuwa layin ƙarshe, domin yanke lamba da wuri asara ce. Kashi biyu bisa uku na sefa 90 000 shi ne 60 000 cif. Wanda ya raba 2 da 3, ya ga 0,666 da jerin shida, ya kwafi 0,6 ya ninka, zai samu 54 000, jika shida sun salwanta ke nan. Wanda ya kwafi 0,67 zai samu 60 300. Maganin wannan shi ne maɓallin Ans, wanda ke riƙe amsar ƙarshe da dukan lambobinta, har da waɗanda gilashin bai nuna ba, a ci gaba da aiki da ita ba tare da sake dannawa ba.

Tun da na ambaci waƙafi, akwai wani tarko da ya shafe mu musamman a Maradi, inda kaya da yawa daga wajen Kano da Katsina suke shigowa. Yaranmu da waƙafi suke rubuta biyu da rabi, 2,5, suna cewa birgil, amma waɗannan na'urorin da ɗigo suke rubuta shi, waƙafi kuma suna raba dubbai da shi. Tun 1999 yuro ɗaya yake sefa 655,957 a rubutun Faransanci, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɓurɓushi, amma mai karatu da tsarin Ingilishi zai ga dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. A kan na'urarta maɓallin ɗigo ne birgil ɗinta. Akwai wani maɓalli mai hoton waƙafi, amma aikinsa daban ne, in ta danna shi a tsakiyar lamba kuskure za ta gani.

Yanzu sai aljabara, wadda ita ce ainihin tambayarka. Kalmar daga Larabci ta fito, al-jabr, ma'anarta ɗori, irin wanda ake yi wa karaya, kuma masanin lissafi Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ne ya yi amfani da ita a Bagadaza wajen shekara ta 820 don bayyana yadda ake cike ɓangare ɗaya na lissafi har ya daidaita da ɗayan. Ikwasiyon sikeli ne, abin da aka yi wa hannun hagu dole a yi wa na dama. A ce an aiki yaro ya sayo kaye uku da bik na sefa 250, ya biya 1 300, ana neman kuɗin kaye ɗaya. Mayar da wannan magana zuwa 3x + 250 = 1 300 aikin kai ne, babu maɓallin da ke yin sa. Sanin cewa za a fara ɗebe 250 daga ɓangarorin biyu kafin a raba da 3, shi ma aikin kai ne. Abin da ya rage wa na'ura shi ne (1300 − 250) ÷ 3, ta ba da 350. Amma tana da wani amfani da ɗalibai ba su cika kula da shi ba, kuma a wurina shi ne mafi girma: tantance amsa. Yarinyar ta mayar da 350 inda x yake, ta danna 3 × 350 + 250, in 1 300 ya fito ta san ta yi daidai tun kafin malam ya duba. In lissafin yana da tsawo, tana iya ajiye lambar a cikin harafi: ta danna 350, SHIFT, STO, sannan X, daga nan duk inda ta kira X da maɓallin ALPHA na'urar za ta sa 350. Ɗalibin da ya saba da wannan ba ya fita ɗakin jarrabawa yana kokwanton ikwasiyon ɗinsa.

A nan ne lambobin da ke ƙasa da sifili suke kayar da yara. In an ce a nemi x² − 4x a lokacin da x yake −3, amsar 21 ce, domin −3 sau −3 tara ne, a ƙara 12. Amma wanda ya danna −3² ba tare da baka ba, −9 zai samu, saboda na'ura tana fara ninka 3 da kansa sannan ta liƙa masa alamar ragi, jimillar ta zama 3. Ƙa'idar da nake ba su ita ce duk lambar da ke ƙasa da sifili, in za ta maye gurbin harafi, sai ta shiga da bakanta, a rubuta (−3)² − 4 × (−3). Ta kuma lura akwai maɓallai biyu masu kama da juna, ɗaya na ɗebewa ne, ɗayan kuma, mai alamar a cikin baka, na nuna cewa lambar kanta ƙasa da sifili take. In ta fara sabon layi da na ɗebewa bayan wani lissafi, na'urar za ta rubuta Ans da kanta ta ɗebe daga tsohuwar amsa. Wannan darasi zai bi ta har lise, inda za ta haɗu da delta, lambar da ake fara nemowa kafin a warware ikwasiyon mai x². A 2x² − 7x + 3 = 0, delta shi ne (−7)² − 4 × 2 × 3, wato 25, amsoshin kuma 3 da 0,5. Wanda ya manta baka zai samu −73, ya rubuta cewa ikwasiyon ɗin ba shi da amsa, ya rasa makin tambayar gaba ɗaya. Wanda ya tsallake wannan ya danna (7 + 5) ÷ 2 × 2 a maimakon (7 + 5) ÷ (2 × 2) zai samu 12, kuma da ya mayar da 12 cikin ikwasiyon ɗin ya ga 207 inda ake jiran sifili, da ya gane a take.

Game da ko a sayo wata ƙirar, gaskiya ne fx-82MS ba ta warware ikwasiyon da kanta, fx-991ES kuwa tana yi. Mu koma ga hatsi da wake. A ce ba mu san farashi ba, abin da muka sani shi ne tiya 2 ta wake da 3 ta hatsi sun tashi 4 100, tiya 1 ta wake da 2 ta hatsi kuma sun tashi 2 400. A fx-991ES ana danna MODE, 5, 1, a shigar da 2, 3, 4100, 1, 2, 2400, kowace a bi ta da =, sai ta nuna X 1 000 ne, Y 700. Akwai kuma fx-92, wadda aka yi wa kwalejojin tsarin Faransa, maɓallanta da Faransanci, birgil ɗinta waƙafi. Duk da haka shawarata ita ce kada ka sake kashe kuɗi bana. Ko mai warware ikwasiyon ɗin sai an jera mata lambobin a kan tsari guda, haruffa a hagu, lamba tsura a dama, kuma jerawar ita ce rabin aikin. Mai gyaran takarda kuma matakai yake nema, yana so ya ga inda aka fitar da x daga layi na biyu, aka zuba shi a na farko, aka samu 700. Amsar da ta sauko ba tare da hanya ba maki kaɗan take samu, ko da daidai ce. Wadda ke hannunta ta ishe ta BEPC, in ta shiga lise ta zaɓi seri C ko D sai a sake duba maganar.

Akwai kurakurai biyu da suke fitowa daga bakin kasuwa, ba daga na'ura ba, kuma kai ne ka fi kowa iya taimaka mata a kansu. Mu a nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala kuwa sefa 5 ce, jika sefa 1 000. Yarinyar da ta ji an ce dala ɗari da hamsin tana iya danna 150, alhali aikin makaranta da sefa ake rubuta shi, wato 750. Na'ura ba ta san dala ba, ba ta san mita ko santimita ba, lamba kawai take gani, don haka dole a mayar da komai ma'auni ɗaya kafin a danna. Na biyu shi ne kashi cikin ɗari. Harajin TVA a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, kayan sefa 25 000 za su tashi 25 000 × 1,19, wato 29 750. In aka ba ta 29 750 aka ce ta nemo farashin asali, yawancin yara ɗebe kashi 19 suke yi su samu 24 097,5, suna mantawa cewa a kan 25 000 aka ɗora harajin, ba a kan 29 750 ba. Hanyar ita ce a raba da 1,19. Ba na son ɗalibaina su dogara da maɓallin %, domin aikinsa yana bambanta daga ƙira zuwa ƙira, ninkawa da 0,19 kuwa ɗaya ne a ko'ina.

Tsoron da ka bayyana game da ƙwaƙwalwarta yana da tushe, ba zan raina shi ba. Ina ganin yara a turwaziyem da ke miƙa hannu ga na'ura don 7 × 8, kuma irin wannan yaron ba zai iya sauƙaƙa firaksiyon ba, ba zai hangi cewa 49 bakwai sau bakwai ne ba, sai aljabara ta zame masa duhu. Amma ɓoye mata na'urar ba zai gyara komai ba, domin sin 37 ko rasin na 65 ba abin da za a yi da ka ba ne a cikin lokacin jarrabawa, kuma wanda bai saba da maɓallan ba a gida zai ɓata lokacinsa yana lalube. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba aiki: jadawalin ninkawa har zuwa 12, tara ƙananan firaksiyon da sauƙaƙa su, da matakan ikwasiyon, duka a yi su da ka da alƙalami. Na'ura ta shigo a manyan lambobi, da rasin, da kusurwoyi, da tantancewa. Kafin ta danna =, ta rubuta a gefen takarda abin da take tsammani, ko da a ce tsakanin 10 da 12. Ba sai ka yi lakkwal ba kafin ka bibiyi wannan, Alhaji. In ta zo shago ranar da babu karatu, ka ba ta cinikin gaske ta faɗi kiyasinsa da baki, ka faɗi naka, sannan ta danna ku ga wanda ya fi kusa. A ganina babu darasin da zan ba ta a aji da zai kai wannan.

Sauran abubuwan da kan rikita ɗalibi ƙanana ne. In ta raba 7 da 2 ta ga 4, to wani ya sa na'urar a kan FIX tana dunƙule amsoshi, kuma za ta ga kalmar a saman gilashi. In ta raba 1 da 200 ta ga 5 da ƴar −03 a gefe, ma'anarsa 5 × 10⁻³, wato 0,005, kada ta kwafi 5 kaɗai. Maɓallin EXP ya riga ya ƙunshi "sau goma" a cikinsa, don haka dubu biyu 2 EXP 3 ne, wanda ya danna 2 × 10 EXP 3 zai samu 20 000. Syntax ERROR na nufin rubutun ne bai zauna ba, ta danna kibiyar hagu ko ta dama na'urar za ta kai ta inda matsalar take. Math ERROR na nufin an nemi abin da ba ya yiwuwa, kamar raba lamba da sifili ko rasin na lambar da ke ƙasa da sifili. Ta riƙa rufe ta da murfinta saboda ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin maɓallai, kada ta bar ta a rana, a sa mata sabon batir kafin makon jarrabawa, ta kuma tambayi shugaban makarantarsu tun yanzu irin na'urar da aka amince a shiga da ita, sannan ta shiga da wadda hannunta ya saba da ita, ba ta aro ba.

Daren yau ku zauna tare ku wanke mata duk wani saiti da aka yi: SHIFT, MODE, 3, sannan =. Wannan zai share abin da aka ajiye a haruffa, ya kuma mayar da ita kan D. Daga nan ta danna 2 + 3 × 4 ku ga 14, sin 30 ku ga 0,5, √2 × √2 ku ga 2, (−3)² ku ga 9, sannan ta danna lambar 8 har gilashin ya cika, ku duba ko akwai wani zanen da ya dushe, ta kuma bi maɓallan lambobi ɗaya bayan ɗaya ku ga ko akwai mai maƙalewa ko mai rubuta lamba sau biyu. In duka sun fito yadda na faɗa, na'urar ta isa aikin da ke gabanta. In ɗaya ya saɓa bayan an wanke saitin, ka mayar wa mai shagon da ita, ku danna gwajin a gabansa, kuma kada ka karɓi canji sai ita ma sabuwar ta ci waɗannan gwaje-gwajen a nan kan teburinsa.